Allura ko zaro gudan jini? Zaɓin da ke gaban iyali idan matsakaiciyar jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe

A ce dattijo ya dawo daga sallar Asuba da ƙafafunsa, ya zauna a kan darduma, ya miƙa hannu ya karɓi kofin shayi. Hannu lafiya lau, ƙafa ba ta ja. Amma da ya buɗe baki zai ce a ƙara masa madara, sai kalmomi suka riƙa fitowa a birkice, yana kiran kofi da sunan takalmi, yana kuma jin haushin yadda aka kasa gane shi. Uwargida ta ce gajiya ce. Babban ɗa ya ce sukarinsa ne ya sauka. Maƙwabci ya leƙo ya ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Ba wanda ya kawo shanyewar ɓarin jiki a ransa, domin ɓarin jikin bai shanye ba.

Sunan da muka raɗa wa cutar shi ne farkon abin da ke yaudararmu. Akwai nau'inta da ba ya kayar da mutum warwas, kuma ba ƙaramin kaso ba ne: likitoci na ƙiyasta cewa kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na masu shanyewar jiki ta hanyar toshewa, matsakaiciyar jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa ce ke toshe musu.

Wanda ya taɓa zuwa Kadawa lokacin noman rani zai gane tsarin nan da nan. Akwai babbar hanyar ruwa da ta taso daga dam ɗin Tiga, akwai rassan da ke ɓallewa daga jikinta zuwa rukunin gonaki, sannan akwai 'yan ƙananan da ke shiga kowane fangali. Haka jinin ƙwaƙwalwa yake tafiya. Babbar jijiya idan ta toshe, yanki guda ne ke ƙonewa: hannu, ƙafa, fuska da magana duk su tafi lokaci ɗaya. Ta tsakiyar kuwa, wadda faɗin cikinta bai wuce milimita 0.75 zuwa 2 ba, wato daga kaurin allurar ɗinki zuwa na tsinken ashana, rukunin gona ɗaya take shayarwa. A takardar hoto za ka ga an rubuta M2 ko M3 idan reshen jijiyar gefen ƙwaƙwalwa ne, A2 ko A3 idan na gaba ne, P2 ko P3 idan na ƙeya ne. Reshen gefe na hagu kan tafi da magana, kamar na dattijonmu. Na dama kan sa mutum ya manta da ɓangaren hagunsa gaba ɗaya, ya cinye rabin tuwon da ke dama ya bar na hagu kamar babu shi a kwanon. Na gaba ya fi taɓa ƙafa. Na ƙeya kuma rabin gani yake ɗaukewa, mutum ya riƙa karo da ƙyauren ƙofa ta gefe guda, har a kai shi wajen likitan ido a ɓata kwana biyu.

Zaɓi na farko: wane hoto?

Kafin a yi maganar magani, sai an san jini ne ya toshe ko jijiya ce ta fashe, kuma babu likitan da zai iya rantsuwa a kan wannan da ido kawai. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ya samu cewa kusan kashi 32 cikin 100 na masu shanyewar jiki a yankinmu zubar jini ce a ƙwaƙwalwa. Mutum ɗaya cikin uku ke nan. Shi ya sa nake jin tsoro duk sa'ad da na ji an ce a ba shi asfirin kafin a kai asibiti. Idan fashewa ce, an ƙara wa wuta fetur.

Hoton CT na farko, wanda ba a sa ruwan allura, aikinsa ke nan: cikin 'yan mintoci ya nuna akwai zubar jini ko babu. Yana da sauri, ya fi sauran araha, kuma shi kaɗai ya isa a yanke shawarar yin allurar narkar da gudan jini. Rauninsa shi ne a sa'o'in farko sau da yawa yakan fito tas. Iyali su ji an ce "hoto lafiya", su yi hamdala, su naɗe tabarma su koma gida, alhali wannan "lafiyar" ita ce izinin fara magani. Wani lokaci mai karanta hoto mai kaifin ido kan hango ɗan farin ɗigo a cikin tsagin gefen ƙwaƙwalwa, gudan jinin ne da kansa ya fito, amma ba kullum ake dacewa ba.

Wanda ke nuna jijiyoyin su kansu shi ne CT da ake ɗura ruwan allura ta jijiyar hannu, ana kiransa CTA. Toshewar babbar jijiya ba ta ɓuya a cikinsa. Ta matsakaiciya kuwa tana ɓuya, har ga ƙwararru, domin rassan suna da yawa, sun nannaɗe kamar saiwar kuka, kuma neman reshe ɗaya da ya yanke a cikinsu aiki ne na natsuwa. Dabaru biyu ke taimakawa. Ɗaya ita ce ɗaukar hoton sau uku a jere, tsakaninsu 'yan daƙiƙoƙi, dabarar da likitocin Kalgari a Kanada suka fito da ita: wurin da ruwan allurar ya makara wajen shiga da fita, nan matsalar take. Ta biyu ita ce hoton kwararar jini, wanda kwamfuta ke fito da shi da launuka, yankin da jini ya yi wa ƙaranci ya bayyana kamar yankan kankana, sai mai karatu ya bi bakin yankan ya gano jijiyar da ta toshe. Mutane kan tsorata da ruwan allurar saboda ƙoda. Ga wanda ba a san shi da ciwon ƙoda ba, ƙa'idar masu kula da wannan cuta ita ce kada a tsaya jiran sakamakon gwajin ƙoda kafin a ɗauki hoton.

MRI, hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya fi su duka iya ganin ɗan ƙaramin wurin da ya lalace, tun a mintocin farko. Sai dai yana cin lokaci, yana son mutum ya kwanta shiru a cikin rami mai ƙara, wanda ke da wuya ga wanda ya rikice, kuma ba kowane mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ke shiga ba. Inda ya fi amfani shi ne wanda ya kwanta lafiya ya tashi da cutar. Binciken WAKE-UP na 2018 ya nuna cewa idan lahanin ya bayyana a nau'in hoto guda na MRI amma bai kai ga bayyana a ɗayan ba, alama ce abin bai daɗe da faruwa ba, kuma allura na iya amfani. A ganina, idan an san lokacin da abin ya fara kuma CT na kusa, jiran layin MRI asarar ƙwaƙwalwa ce kawai.

Allura

Allurar narkar da gudan jini ta daɗe. A 1995 binciken NINDS na Amurka ya tabbatar da amfanin wadda ake kira alteplase cikin sa'o'i 3 na farko, a 2008 kuma binciken ECASS III na Turai ya faɗaɗa wa'adin zuwa sa'o'i 4 da rabi. Ana auna ta da nauyin mutum, miligiram 0.9 a kowane kilo, ba a wuce 90. Kashi ɗaya cikin goma ake turawa lokaci guda, sauran a bar shi yana ɗiga ta na'ura har sa'a ɗaya. Kafin a fara sai an duba sukarin jini, domin saukar sukari na kwaikwayon cutar, sannan hawan jini ya sauko ƙasa da 185 bisa 110. Wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan, ko ya taɓa zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko yake shan maganin tsinka jini irin su warfarin har jininsa ya tsinke sosai, yawanci ba a yi masa.

Abin da ya sa allura ta dace da matsakaiciyar jijiya shi ne girman gudan. A babbar jijiya gudan dogo ne mai kauri, allura ba ta cika cin ƙarfinsa ba. A ta tsakiya gajere ne, maganin na samun inda zai kama. Duk da haka ba tabbas ba ne: kusan rabi ne ke buɗewa, kuma kusan rabin masu irin wannan toshewa ne ke komawa rayuwarsu ba tare da naƙasa ba. Haɗarinta zubar jini a ƙwaƙwalwa ne. A binciken 1995 ya faru ga kashi 6.4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa, a kan 0.6 na waɗanda ba a yi wa ba, amma duk da wannan waɗanda aka yi wa sun fi samun lafiya bayan wata uku.

Yanzu akwai ƙanwarta, tenecteplase, miligiram 0.25 a kowane kilo, iyaka 25, ana turawa gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi. Binciken AcT na Kanada a 2022, mai mutum kusan 1,600, ya nuna ba ta gaza alteplase ba, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan cuta a watan Maris na 2025. Tsakanin su biyun ba zan ɓata lokaci ba: wadda ke cikin asibitin a wannan sa'ar ita ce mafi kyau. Idan duka akwai, tenecteplase ta fi sauƙi a wurinmu, domin ba ta bukatar na'urar ɗigo da wuta za ta iya ɗauke mata, kuma ana iya sa majinyaci a mota nan take idan za a tura shi wani asibiti.

Zaro gudan da waya

Wannan shi ne aikin da ya sauya fannin baki ɗaya, kuma ya cancanci a kalle shi da kyau. Ana huda jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, a zura siririn bututu, a bi da shi ta ƙirji, ta wuya, har cikin kai, likita na kallon tafiyarsa a allo. Da an isa, ko dai a zuƙe gudan da bututun, ko a ratsa shi da wata waya mai raga, a buɗe ragar a cikinsa ta kama shi, a jira 'yan mintoci, sannan a jawo su tare. Abin da ke fitowa ɗan jan abu ne a kan farin ƙyalle, sau da yawa bai fi ƙwayar shinkafa ba.

A 2015 bincike biyar, MR CLEAN na Holan ne ya buɗe musu hanya, suka tabbatar da amfaninsa a babbar jijiya. Da aka haɗa alƙalumansu a 2016, mutum 1,287, an ga kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun koma suna kula da kansu, a kan 26.5 na waɗanda aka ba magani kawai. A 2018 binciken DAWN da DEFUSE 3 suka nuna cewa ga wasu zaɓaɓɓu aikin na amfani har zuwa sa'o'i 16 zuwa 24. Ba kasafai ake samun irin wannan tazara a harkar magani ba. Don haka kowa ya ɗauka cewa abin da ya yi aiki a babbar hanyar ruwa zai yi a reshe, kuma likitoci da dama a Turai da Amurka sun ci gaba da kutsawa cikin matsakaitan jijiyoyi tun kafin hujja ta iso.

Hujjar ta iso a watan Fabrairun 2025, a taron masana cutar na duniya a Los Angeles, kuma ba ta zo da abin da aka zata ba. Binciken ESCAPE-MeVO, ƙarƙashin Mayank Goyal da Michael Hill na Jami'ar Kalgari, ya raba mutum 530 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan kwana 90, kashi 41.6 cikin 100 na waɗanda aka zaro wa gudan sun warke ba tare da naƙasa ba, a gidan magani kawai kuwa kashi 43.1. Mutuwa ta kai kashi 13.3 a gidan aikin, 8.4 a ɗayan. Zubar jini mai haɗari kashi 5.4 ne a kan 2.2. Binciken DISTAL, wanda Marios Psychogios na asibitin jami'ar Basel a Suwizalan ya jagoranta da mutum 543, bai ga wani bambanci a warkewa ba shi ma, zubar jini kuma 5.9 a kan 2.6. Na uku, DISCOUNT na Faransa, tsayar da shi aka yi tun bai kai ƙarshe ba, ganin ba alamar riba. Ba a samu ƙarin waraka ba, zubar jini ya ninka.

Dalilan ba su da wuyar fahimta idan aka tuna da tsinken ashana. Bangon irin wannan jijiya siriri ne, hanyar zuwa gare ta lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, kuma idan aka ja waya a cikinta tana miƙewa ta fizgi 'yan ƙananan rassan da ke jikinta. A duka manyan binciken biyu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba a ma iya buɗe masa jijiyar yadda ake so ba. Ga shi kuma fiye da rabin mahalartan an riga an yi musu allura, wato aikin yana gasa ne da maganin da dama ya iya wannan fagen. Sannan abin da ake ƙoƙarin ceta ƙarami ne, don haka kuskure kaɗan ya isa ya cinye ribar.

Amma kada a yi saurin cewa an rufe babin. Yawancin waɗanda aka saka a binciken cutarsu ba ta yi tsanani ba: a ma'aunin tsananin cutar, NIHSS, da ke tafiya daga 0 zuwa 42, matsakaicinsu 6 zuwa 8 ne. Masu sharhi da dama sun lura cewa mai yiwuwa waɗanda abin ya fi yi wa muni likitocinsu ba su yarda a jefa su cikin ƙuri'a ba, aikin suka yi musu kai tsaye. Akwai kuma batun shekaru. Mahalartan 'yan saba'in da ɗoriya ne, alhali a binciken SIREN matsakaicin shekarun masu cutar a Nijeriya da Gana kusan 59 ne, magidanta masu ciyar da gida. Kuma M2 ba duka ɗaya ba ne. A wasu mutane reshe ɗaya na M2 ya fi ɗan'uwansa girma nesa ba kusa ba, shi ke ɗauke da yawancin jinin yankin. Idan irin wannan ya toshe tun daga gindinsa, a suna ne kawai matsakaici, a aiki babba ne. DISTAL bai ma saka irinsa ba, kuma har yanzu ana yi masa aikin zarowa.

To, idan likita ya fito da hoto a hannu ya ce M2 ce, tambayar da ta fi amfani daga bakin ɗa ita ce: "Likita, reshen da ya toshe wa Baba shi ne babban, ko ƙaramin? Kuma kusa da gindi ne ko can ciki?" Idan babban ne, kusa da gindi, kuma magana ta ɗauke gaba ɗaya ko hannu ya mutu, aikin zarowa abin nema ne, bayan an yi allura idan lokacinta bai wuce ba. Idan ƙaramin ne, ko M3, ko na gaba, ko na ƙeya, hujjar binciken 2025 ta fi karkata ga allura da kyakkyawar jinya. Ni dai a irin wannan ba zan sa a sayar da gona don waya ba.

Akwai rukuni na uku da ba su bukatar ko ɗaya: wanda abin ya ɗan taɓa, ɗan sanyin hannu ko 'yar karkacewar baki da ba ta hana shi komai ba. Ga irinsu ƙwayoyi biyu, asfirin da clopidogrel, na tsawon kwana 21, su ne suka tabbata tun daga binciken CHANCE na ƙasar Sin a 2013, kuma binciken TEMPO-2 na 2024 bai ga ribar yi wa masu ƙaramar alama allurar tenecteplase ba ko da an ga toshewa a hoto. Sai dai "ƙaramar alama" ba lamba ce kawai ba. Rikicewar magana na iya samun maki 3 ko 4 a ma'auni, amma ga limami ko malamin makaranta ko ɗan kasuwa ita ce sana'ar gaba ɗaya. Rabin gani ga direba haka. Waɗannan naƙasa ne, kuma allura ake yi musu. Mai sikila kuwa, musamman yaro, hanyarsa daban ce: sauyin jini cikin gaggawa shi ne kan gaba, don haka a faɗa wa likita tun a bakin ƙofa.

A ƙasarmu duk wannan muhawara takan dunƙule ta zama tambaya ɗaya: a tsaya nan ko a wuce gaba? Wuraren da ke aikin zarowa a Nijeriya ƙalilan ne, ita kanta allurar ba kowane babban asibiti ke ajiye ta ba. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, tafiyar da za ta cinye wa'adin allura tas. Wanda ya tsallake asibitin da ke da CT da allura don ya kai majinyaci inda ake zarowa, ya saki na hannu ya bi na gudu, kuma a matsakaiciyar jijiya na gudun ma bai tabbata ya fi ba. Abin da ya fi shi ne a buga waya tun ana hanya a tambaya ko na'urar hoto na aiki yau, ko akwai allurar. Kada a ba shi ruwa, ko koko, ko rubutu ta baki har sai ma'aikaciyar jinya ta gwada haɗiyarsa, domin abin da ya sarƙe ya gangara huhu yana kashe mutane da yawa a makon farko. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin mota. Idan an wuce matakin gaggawa kuma, a nemi a duba bugun zuciya, saboda gudan da ke toshe irin waɗannan rassa sau da yawa daga zuciya mai bugawa ba bisa tsari ba yake tasowa, kuma maganin hana dawowarsa daban ne da asfirin.

Agogon ba ya farawa daga sa'ad da aka lura, daga lokacin ƙarshe da aka ga mutum garau yake farawa. Shi ya sa likita zai nace: "Hajiya, yaushe kika ji ya yi magana daidai?" Idan ta ce ai ya yi mata sallama da zai fita masallaci, maƙwabci kuma ya ce sun gaisa sosai a ƙofar masallaci ƙarfe biyar da rabi, to wa'adin allurar dattijon nan ƙarfe goma na safe ne, kuma a cikinsa za a nemo mota, a ratsa cunkoso, a yanki kati, a ɗauki hoto, a sauko da hawan jini.